Tuƙar tunani: ciwon da ke biyo ƴaƴanmu daga jami'a har rumfar kasuwa

Duk wanda ke zaman kasuwa ya san irin wannan rana. Yaro ya dawo hutu daga jami'a, uwa ta yi murna, ta gaya wa maƙwabtan rumfa cewa ɗanta na Yamai ya iso. Da safe ya rako ta kasuwa don ya kama mata ciniki. To amma tun da ya zauna bisa buhun hatsi bai ce uffan ba. Mai saye ya miƙo jika guda yana jiran canji, shi kuwa idonsa na kan tiya, hankalinsa na wata duniya. An kawo fura, ya kurɓa sau biyu ya aje. Da dare kowa ya yi barci, shi yana ta juye-juye bisa tabarma har kiran assalatu. In uwar ta tambaye shi, amsa ɗaya ce: «Ba komi, Inna, tunani ne kawai.»

Maƙwabta kuwa ba sa rasa fassara. Wata ta ce boko ne ya yi masa yawa. Wata ta ce budurwa ce ta juya masa baya. Tsohuwa mai daddawa ta matso ta raɗa wa uwar cewa ruwa ba ya tsami banza, a nemi taimako, akwai hannun maƙiya. Mu dai maganar yaron muke so mu riƙe, don ya faɗi gaskiya ba tare da ya san nauyinta ba. Tunani ne. Sai dai tunani iri-iri ne: akwai mai fidda mutum daga rami, akwai mai ƙara wa ramin zurfi. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 30 suna bambance su, kuma yawancin binciken a kan ɗaliban jami'a aka yi shi.

Da can maganar jami'a ba ta cika shafar ƴan kasuwa ba. Tun da aka aza harsashin ta Yamai a 1971, ita kaɗai ce ta gwamnati har kusan shekara 40. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Yau da wuya ka ratsa layi guda a kasuwar Dole, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako, ba ka tarar da mai ɗa ko ɗiya ko ƙane a jami'a ba. Da yawansu su ne na farko a zuriyarsu da suka wuce bak. Kuɗin rajista da na haya da na mota, daga ribar tumatur da ƙuli-ƙuli da atamfa suke fitowa, kuma yaran sun sani.

A 2013 wasu masana sun tattara bincike 24 da aka yi kan ɗaliban jami'o'i a ƙasashe daban-daban, suka ga cewa kusan kashi 31 cikin 100 na ɗaliban suna da alamomin ciwon damuwa. Galibin binciken ta hanyar amsa tambayoyi a takarda aka yi shi, saboda haka ba duka ne likita zai tabbatar da ciwon a kansu ba, amma ko yaya aka rage, adadin ya wuce na sauran jama'a. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa ya fi ɓacin ran yini ɗaya ko biyu da kowa ke yi. Mutum ne zai yi sati biyu ko fiye ransa a jagule kusan kullum, abin da ke ba shi sha'awa a da ya fita ransa, barci ya lalace, cin abinci ya sake, gajiya ba aikin fari ba na baƙi, ya karanta shafi sau uku bai riƙe komi ba, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. In ya yi tsanani har tunanin mutuwa yakan shigo.

A wannan yanki namu ma abin ba baƙo ba ne. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Abeokuta, ya rubuta labarin ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da kuka iri ɗaya: zafi a tsakar ka, jin kamar wani abu na tafiya cikin kai, ido ya dushe in an buɗe littafi, karatu ya ƙi zama. Ɗaliban da kansu suke kiran abin gajiyar ƙwaƙwalwa. Likitoci da dama a yau suna ganin cewa damuwa da fargaba ne ke magana ta bakin jiki. Don haka in yaro ya ce kansa na zafi, an auna ba masassara, kada a tsaya ga farasitamol.

Akuya da tuƙa

Wanda ya taɓa kiwo ya san tuƙa. Akuya ta ci ta ƙoshi, ta kwanta a inuwa, ta maido abin da ta haɗiye tana sake tauna shi. Da wannan kalma masana suka raɗa wa irin tunanin da muke magana suna, a Turanci da Faransanci duka. Bambancin kawai, akuya na samun amfani da tuƙarta. Mai tuƙar tunani kuwa yakan maido magana ɗaya ne yana tauna ta dare da rana ba ta narkewa: me ya sa na faɗi, me ya sa ni kaɗai, me ke damuna, me ya sa ba ni da ƙoƙari kamar wane, wa zai kalle ni in na koma gida hannu rabbana.

Wata malamar jami'a a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta rasu a 2013, ita ta fi kowa bin diddigin wannan hali. Wani abu da ya faru a 1989 ya ba ta hujjar da ba ta shirya nema ba. A farkon watan Oktoba na wannan shekara, ita da abokiyar aikinta Jannay Morrow sun yi wa ɗaliban jami'ar Stanford tambayoyi kan yadda suke ji da abin da sukan yi in ransu ya ɓaci. Kwana 14 bayan nan, ranar 17 ga wata, girgizar ƙasa ta afka wa yankin San Faransisko, ta kashe mutum 63. Sai suka koma ga ɗalibai 137 kwana 10 bayan girgizar, suka sake bin wasunsu bayan sati 7. Girgiza ɗaya ce ta same su duka. Amma waɗanda tun kafin ta zo suke da halin tuƙa, su ne alamomin damuwa suka fi kamawa, kuma suka fi daɗewa a jikinsu. Darajar wannan bincike ita ce an san halin kowa tun masifar ba ta zo ba, ba wanda zai ce girgizar ce ta koya musu tuƙa.

Tambayar da ta saura ita ce ta yaya tunani, wanda muka sani da warware matsala, zai zama shi ne mai ɗaure ta. A 1995 ita da ɗalibarta Sonja Lyubomirsky suka gwada abin a fili. Suka tara ɗalibai, wasu masu alamun damuwa, wasu lafiya lau. Rabi aka ce su yi minti 8 suna tunanin kansu: yadda suke ji, me ya sa suke jin haka, wane irin mutum ne su. Rabi kuma aka ba su abin tunani na waje, irin su jirgin ruwa yana ratsa teku sannu a hankali. Daga nan aka ba kowa labarin wata matsala ta zaman tare, misali aboki ya fara gudunka, aka ce ya faɗi matakan da zai bi har a shirya. Masu damuwar da suka yi tuƙa su suka kawo dabaru mafi rauni. Masu damuwar da aka janye hankalinsu na minti 8 kacal kuwa, dabarunsu sun yi daidai da na masu lafiya. Wato basirar na nan, ba ta tafi ko'ina ba, tuƙa ce ta zauna bisa kanta.

Bincikensu na gaba da na baya ya ƙara abu biyu da muke ganin sun fi ban tausayi. Na farko, mai tuƙa ko ya gano mafita mai kyau, in an tambaye shi ko zai aikata, sai ya ce da wuya. Na biyu, shi a ganinsa aiki yake yi, yana fahimtar kansa ne, don haka in an ce ya taso a yi wani abin da shi kansa ya yarda zai ji daɗinsa, sai ya ƙi. Wannan ne ya sa in kin ce wa ɗanki ya tashi ya sha iska, sai ya dube ki kamar ba ki san girman abin da ke gabansa ba.

Lissafi iri biyu

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan bambanci, ko da ba su sa masa suna ba. Mu ɗauki mutum biyu da suka yi lodin albasa daga Galmi, mota ta lalace a hanya kwana uku, zafi ya taɓa kaya. Na farko ya sauka ya kwance buhuna, ya ware mai kyau da wadda ta fara ruɓa, ya ƙirga. Nawa ta saura? Wa zai saye ta yau ko da an karya farashi? Cikin masu bina bashi wa zai iya jira zuwa kasuwa mai zuwa? Na biyu ya zauna gindin mota ya dafe kai. Me ya sa kullum ni? Wa ya sa mini hannu? Ashe gaskiyar wane da ya ce ba ni da sa'ar kasuwa? Duka biyun sun kwana ba barci, duka biyun tunani suka yi. Da gari ya waye, na farko yana da asara da lissafinta, na biyu yana da asara da ƙarin buhun da ya ruɓe cikin dare.

Abin da masana suka gano ke nan da ma'auninsu. A 2003 Nolen-Hoeksema da abokan aikinta suka raba tuƙa gida biyu. Akwai zulumi, inda mutum ke gwada halin da yake ciki da wanda ya so ya kasance yana cizon yatsa. Akwai kuma nazari, inda yake duba abin don ya gane bakin zaren. Da suka bi manyan mutane na cikin gari har shekara guda, masu zulumi damuwarsu ta ƙaru, masu nazari kuwa, duk da cewa su ma ransu a ɓace yake da farko, tasu ta ragu. Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya matsa da maganar gaba. A gwajin da ya buga a 2005 tare da Michelle Moulds kan masu fama da ciwon, waɗanda aka sa su tuna abin da ya faru dalla-dalla sun fi iya warware matsala bisa waɗanda aka sa su neman dalili da ma'ana. A taƙaice, tambayar «me ya sa» ba ta da gindi, kowace amsa wata tambayar take haifarwa. Tambayar «yaya, yaushe, da wa» ita ke da ƙofa.

Mai gudu da mai garaje

Wasu masana biyu na Amurka, Thomas D'Zurilla da Arthur Nezu, sun duba ɗaya gefen, wato abin da mutum ke yi in matsala ta tsaya masa a gaba. Suka ce kafin komi akwai idon da yake kallonta da shi. Wani na ganinta abin da ake sha a wuce. Wani kuwa da ta ɓullo sai gabansa ya faɗi, ya yanke wa kansa hukunci cewa ta fi ƙarfinsa tun bai taɓa ta ba. Bayan wannan sai salon aiki, kuma uku suka lissafa.

Mai tsari mun gan shi wajen albasa. Mai gudu shi ne ɗalibin da ya faɗi darasi biyu, burs ya yi jinkiri, mai gida na bin sa hayar wata biyu, sai ya kashe salula, ya daina shiga aji, ya tare a fada daga shayin farko har na uku, yana jiran abin ya warware da kansa. In tuƙa ta hana shi sakat, wani aboki ya miƙo masa tramol, ya samu sa'o'i kaɗan na mantuwa, ya wayi gari da matsala ta huɗu. A waje kamar rago ne ko marar kula. A ciki kuwa ba wanda ya kai shi tunanin abin da yake gudu.

Na uku shi ne mai garaje, kuma shi ne muka fi yi wa kuskuren fahimta, don mukan ɗauke shi jarumi. Dabarar da ta fara zo masa ita yake bi. Sakamako ya fito da rana, da yamma ya tattara kayansa ya ce ya bar karatu. Ya zuba kuɗin haya a cacar ƙwallo don ya ninka su. Ya zagi malami a gaban jama'a. Wani ma sai dai a ji ya hau motar Agadas, ya nufi wajen haƙar zinariya ko Libiya, bai shawarci kowa ba.

Wani bincike da Akira Hasegawa da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya haɗa waɗannan duka wuri guda. Sun bi ɗaliban jami'a a Japan, 284 da farko, 165 suka kai ƙarshe, suna yi musu tambayoyi sau uku, sati 4 tsakani. Suka ga cewa tuƙa da kallon matsala a matsayin dodo suna ciyar da juna: wanda ya yi yawan tuƙa a wannan wata, wata mai zuwa ya fi jin ba zai iya ba, wanda kuma ya ji ba zai iya ba, tuƙarsa ta ƙaru. Abin lura, wannan na faruwa ko da ba wani sabon rikici da ya shiga tsakaninsa da mutane. A cikin kai kawai wutar ke cin kanta. Sa'annan abu biyu suka nuna wanda damuwarsa za ta ƙaru nan gaba: tuƙa da garaje. Kuma ba tare suke tafiya ba, kowace hanyarta daban. Ke nan yaron da ya yi shiru a ɗaki da wanda ya tashi fuu ya yanke shawara cikin dare, rami ɗaya suke iya faɗawa. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Ga ƴan mata akwai ƙarin bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi yawa ga mata da kamar rabin ninki bisa maza, kuma bincike da dama ya nuna mata sun fi yin tuƙa. Ɗalibar da ke jin ƙawayenta na unguwa duk sun yi aure, gwaggo na tambaya yaushe wannan boko zai ƙare, ga jarrabawa a gaba, tana da abin taunawa. Akwai ma tuƙar taron dangi, wadda wata masaniya mai suna Amanda Rose ta bayyana a 2002 cikin yara da matasa: ƙawaye biyu su zauna suna jujjuya damuwa ɗaya kullum ba tare da an kai ga abin yi ba. Zumunci na ƙara ƙarfi, damuwar ma na ƙaruwa. Iyayenmu mata na kasuwa, in kun duba da kyau, wata hirar ta bayan la'asar ba ta rasa kama da wannan.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa matsalolin ɗalibai a kansu kawai suke ba. Jinkirin burs gaskiya ne, cunkoson aji gaskiya ne, yajin aikin da ke maida shekara ɗaya ta zama ɗaya da rabi gaskiya ne, haka zaman jiran aiki bayan difloma. Gyaran waɗannan na wuyan hukuma, kuma ba dabarar tunani da za ta biya haya. Haka nan ciwon da kansa yana ƙara tuƙa, ba tuƙa kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado, akwai rashin lafiyar jiki, akwai rasuwa. Wanda ya ɗauki wannan rubutu ya je ya ce wa ɗansa «ashe kai ka ja wa kanka», ya ƙara masa abin tuƙa ne kawai. Abin da muke cewa shi ne cikin duk waɗannan, salon tunani ne abin da ke kusa da hannu, kuma an gwada an ga yana sakewa.

Kakanni bisa benci

A ƙasar Zimbabuwe, masu harshen Shona suna kiran wannan ciwo kufungisisa, ma'ana yawan tunani, daidai da yadda yaronmu ya faɗa wa innarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a can ƴan kaɗan ne, kamar dai a nan. Sai ɗaya daga cikinsu, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a birnin Harare a 2006: aka aje bencin katako a harabar ƙananan asibitoci, aka koya wa tsofaffin mata na unguwa yadda za su zauna da mai damuwa har zama shida. Ba wa'azi suke yi ba, ba sa kuma ba da magani. Tsohuwa za ta saurara har mutum ya zazzage cikinsa. Sa'annan su jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa ya zaɓi guda, su lissafa hanyoyin da za a iya bi, ya ɗauki wadda yake ganin zai iya, a sa rana da lokaci, sati mai zuwa ya dawo ya faɗi yadda aka yi. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum 573 a asibitoci 24. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna bisa benci kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon, cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kuwa kusan kashi 50.

Ga matasa ma an gwada tun ciwon bai kama ba. A Holan, a wani bincike na 2017, an ɗauki matasa 251 ƴan shekara 15 zuwa 22 masu yawan tuƙa da fargaba. Wasu aka ba su horo na sati 6 kan gane lokacin da tuƙa ta taso da juya ta zuwa tambayar abin yi, a rukuni ko ta intanet, wasu aka bar su suna jira. Cikin shekara guda, kusan kashi 15 cikin 100 na masu horo ne ciwon ya kama, na masu jira kuwa kusan kashi 32.

To mu da ba mu da benci fa? Muna da rumfa, muna da gwaggo da kawu. Mun ambaci gwaggo da gangan, don a gidajenmu da yawa uwa na jin kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, shi ma ba zai iya duban idonta ya ce ya faɗi jarrabawa ba, bare idon baban da ya saida rago don rajista. Wanda babu wannan nauyi tsakaninsu shi ya fi dacewa ya zauna da shi. Kuma akwai maganganu biyu da ya kamata a aje gefe. «Daina tunani» ba ta aiki, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ya san dawowa yake da ƴan rakiya. «Ka san wahalar da muka sha a kanka» kuwa ita ce ainihin abin da yake taunawa tun wata uku.

Mu ƙaddara gwaggo ta kira shi bayan rumfa, ta bar shi ya yi magana har ya gaji, ba ta katse shi ba. Ya ce shi dai ya lalace, ba abin da zai zama.

«Na ji, ɗana. Wannan babba ce, ba ta ɗaukuwa yau. Faɗa mini abin da ya faru, ɗaya-ɗaya.»

Darasi biyu ya faɗi. Haya wata biyu. Bai gaya wa Baba ba.

«Cikin ukun nan wacce ce ba ta jira?»

Zagaye na biyu na jarrabawa, saura sati biyar.

«Cikin abokanka wa ya ci darasin nan?»

Akwai wani ɗan Tasawa.

«Kana da lambarsa? To kira shi yanzu ina zaune. Maganar Babanka kuma ka bar mini zuwa Juma'a, tare za mu shiga.»

Gwaggo ba ta san abin da ake koyarwa a darasin ba, ba ta kuma buƙatar sani. Abin da ta yi shi ne abin da take yi kullum da littafin bashi: ta ƙi karɓar jimla a dunƙule, ta ce a warware mata. Ku lura kuma ba ita ta zaɓa masa ba, tambaya ta yi ya amsa. In mai garaje ne ya zo mata da jaka a kafaɗa, aikin ya juya: ta roƙe shi kwana uku, ya kawo mata hanya uku ban da wadda ya riƙo, a auna kowace da abin da za ta ci da abin da za ta bari.

Aikin hannu ma yana da nasa amfani, kamar yadda gwajin minti 8 ya nuna. A ba shi ƙirgar buhuna, a aike shi tasha karɓo kaya, a bar shi ya buga ƙwallo da yamma. Bambancinsa da gudu shi ne an sa lokacin da za a dawo kan matsalar, kuma da rana, ido biyu, da takarda da biro. Ƙarfe biyun dare ba lokacin yanke shawara ba ne ga kowa.

Akwai inda dabarar gwaggo ke tsayawa. In alamomin nan sun wuce sati biyu, yaro ya rame, ya daina wanka, ya daina fita, to likita za a nufa, a fara da asibitin unguwa, su za su tura gaba in da buƙata, kuma babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu wannan lalura. Addu'a da roƙon Allah ba sa hana wannan tafiya. Kada a sayi ƙwayar barci wajen masu tallar magani a faranti. Maganin da likita ke rubutawa yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ce ya zame muku kaya, ko ya shiga rabon littattafansa da tufafinsa ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran ƙwayoyi daga ɗaki da rumfa, a kai shi likita a ranar, ko da ranar kasuwa ce.